Lauyan manhaja: Sana'ar da sai an haɗa karatun shari'a da na kwamfuta

A shekarar 1999 hukumomin Amurka suka bai wa kamfanin Amazon takardar mallakar ƙirƙira a kan dabarar 1-Click, wadda ke bai wa mutum damar sayen kaya a intanet da danna maɓalli sau ɗaya. Shekarar ba ta ƙare ba sai da kamfanin ya maka abokin hamayyarsa Barnes & Noble a kotu, aka dakatar da shi daga amfani da makamanciyar dabarar. Apple kuwa lasisi ya karɓa a 2000. Takardar ta ci gaba da aiki har 2017.

Masu rubuta irin waɗannan takardu da kare su a kotu lauyoyi ne na musamman. A Amurka, digirin shari'a kaɗai ba ya isa. Kafin mutum ya wakilci mai ƙirƙira a gaban hukumar USPTO, sai ya nuna shaidar karatun kimiyya ko injiniyanci, sannan ya ci jarrabawar hukumar. Wanda ya ci jarrabawar ba tare da zama lauya ba zai iya shigar da buƙata, amma ba zai tsaya wa kowa a kotu ba.

Jigon aikin shi ne rubuta jerin abubuwan da mai ƙirƙira ke iƙirarin nasa ne, kamar yadda ake shata iyakar gona. In lauya ya faɗaɗa iyakar fiye da kima, hukuma ta yi watsi da buƙatar ko kotu ta soke takardar. In ya ƙuntata ta, abokan hamayya su sauya wani ɗan abu su ci gaba da kasuwancinsu. Kariyar da ake nema ta shekara 20 ce daga ranar shigar da buƙata.

Aikin ya ƙara wuya a 2014, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alice da bankin CLS. Alƙalan tara sun amince cewa ɗaukar tsohuwar dabara, kamar sanya mai shiga tsakani a ciniki, a ce kwamfuta ce za ta yi ta, bai kai a kira shi ƙirƙira ba. Tun daga nan kotuna suka soke takardu da dama, kuma dole lauya ya nuna takamaiman gyaran da manhajar ta kawo wa fasaha.

Ga matasanmu masu rubuta manhaja, abin lura shi ne dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutun manhajar ne, ban da dabarar da ke cikinta. Wanda ke hangen kasuwar Amurka kuma ya sani cewa shekara ɗaya kacal doka ta ba shi ya shigar da buƙata bayan ya bayyana ƙirƙirarsa ga jama'a. A Turai ko wannan sassaucin babu.