Garke ba ya maye gurbin takardar albashi

Mutumin Sule Tankarkar bai saba ɗaukar iyaka a matsayin katanga ba. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da fatake daga ƙasar Damagaram, ga auratayya, ga zumunci. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba, kuma babu mai tambayarsa nawa yake samu. Ko da Nijar ta fice a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da kafin a yanke wata shawara. Wannan sabon ne ke sa wasunmu zaton haka abin yake ko'ina.

Da zarar ka nemi izinin zama a ƙasa mai nisa, tambayar farko ita ce: da me za ka ci da kanka da iyalinka? Ba kuma da baki ake amsa ta ba.

Ɗauki Ingila. Wanda ke zaune can yana son matarsa ta tare, dole ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara tun daga Afrilun 2024. Kafin nan fam 18,600 ne, adadin da aka sa a 2012. Akan nemi takardun albashin wata shida da bayanan banki da suka yi daidai da su. In da ajiya kaɗai zai dogara, sai fam 88,500 da suka yi wata shida a asusu. Jamus kuwa tun Satumban 2024 tana so ɗalibi ya zuba Yuro 11,904 a wani rufaffen asusu, a riƙa sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata. A Dubai, mai son ɗauko iyali sai albashinsa ya kai Dirhami 4,000, ko 3,000 in an ba shi gida.

Saudiyya, inda hankalin mutanenmu ya fi karkata, tata hanyar daban ce. Igamar ma'aikaci, wato takardar izinin zamansa, a wuyan kafili take. A 2017 aka ɗora harajin Riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu ke nan Riyal 2,000 kafin a sayi ko mudun shinkafa, shi ya sa baƙi da yawa suka mayar da iyalansu gida. Igamar da ba ta da kafili, wadda aka ɓullo da ita a 2019, Riyal 800,000 aka sa wa ta dindindin.

Ga inda gizo ke saƙar. Dillalin shanu a kara yana iya juya kuɗin da ma'aikacin gwamnati ba zai gani a shekara ba, amma cinikinsa hannu da hannu ne: a tafa, a ƙirga, a cusa a aljihun 'yar ciki. Jami'in da ke duba takardu bai ga ko sisi ba. Shanu, gona da buhunan riɗi a rumbu ba sa shiga lissafinsa sai sun zama kuɗi a banki, da shaidar inda suka fito. Ni dai ina ganin akwai rashin adalci a nan, amma ƙorafi ba ya sauya ƙa'idar. Ga kuma faɗuwar Naira tun Yunin 2023, wadda ta sa adadin ya ninka a aljihunmu ko da can ba a ƙara komai ba.

Wannan giɓin ne 'yan damfara ke ci da shi. Sai su ce za su zuba maka kuɗin aro a asusu na 'yan kwanaki, ko su buga maka takardar banki. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya shi ne abin da jami'ai ke fara sa wa ido, kuma a Ingila takardar bogi na iya jawo haramcin shiga na shekara 10. Kuɗin da aka biya na neman izinin ma ba a mayarwa.