Ƙarar Fambel da Fuli: Yadda Kunne Ke Gano Ciwon Mota

Direbobin da ke jigilar mutane da hatsi daga Dagumawa, a ƙaramar hukumar Wudil, zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ko zuwa Kano, sun san wata ƙara da kan taso daga gaban inji, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana bugun kwano da cokali. Wasu kan yi biris da ita. Amma ga bakanike mai lura, wannan ƙara shaida ce, kuma hanyar da yake bi ya gano tushenta ita ce hanyar da ake koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje.

A gaban inji akwai babban fuli a bakin karanshaf. Fambel ne ke ɗaukar juyawarsa ya kai wa altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, a motoci da yawa har da famfon ruwa mai sanyaya inji. John Gates na Amurka ne ya ƙirƙiro bel mai siffar V a 1917. A motocin zamani kuwa, bel ɗaya mai faɗi ne ke zagaye fuli-fulin duka.

Ƙaramin fuli ya fi babba saurin juyawa. Alal misali, idan faɗin na karanshaf santimita 15 ne, na altaneta kuma 5, to in inji ya juya sau 800 a minti ɗaya, altaneta zai juya sau 2,400. Shi ya sa boris ɗinsa kan gaji, musamman idan ƙurar hunturu ta shiga ta gurɓata giris.

Matakin farko shi ne tantance irin ƙarar. Bel roba ne, ba ya ƙarar ƙarfe. In ya saki ko ya tsufa, shewa yake yi saboda santsi. Gurnani mai ƙaruwa idan an taka totur alamar boris ce. Ƙwanƙwasa kuwa na nufin ƙarfe na dukan ƙarfe: ko noti ya kwance, ko abin da ke ɗame bel ya lalace, ko kuma robar da ke tsakanin ƙarafa biyu na fulin karanshaf, wadda ke shanye girgizar inji, ta rabu.

Mataki na biyu shi ne gano wurin. Bakanike kan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin altaneta ko famfon ruwa, ya kara ƙotar a kunne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, yana bazuwa ko'ina. Cikin ƙarfe kuwa yakan yi kusan mita 5,000, ya iso kunne kai tsaye. Irin wannan dabara ce likitan Faransa René Laennec ya yi a 1816, da ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin majiyyaci. Sai dai a nan tilas a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun riga, domin bel mai juyawa ba ya tausayi.

Mataki na uku gwaji ne. A kashe inji, a cire bel, a juya kowane fuli da hannu, a jijjiga shi. Lafiyayye ba ya lilo, ba ya ƙarar yashi. Sannan a tayar da inji ba bel na ƙasa da minti ɗaya. In ƙarar ta ɗauke, laifin yana cikin abubuwan da bel ke juyawa. In ta ci gaba, sai a duba fulin karanshaf ko cikin inji. A ja layi da alli a kan ƙarafan fulin biyu: idan bayan tafiya layin ya karkace, robar ta rabu.

Sakaci yana da tsada. Boris ɗin da ya cije kan tsinka bel, caji ya ɗauke, kuma a motar da bel ke juya famfon ruwa, ruwan lagireto ya daina zagayawa, gasket ya ƙone cikin 'yan mintoci. Gyaran ƙaramin fuli ya koma sauke inji, fasinjoji na tsaye a gefen titi.

Malaman kimiyya na iya nuna ka'idar fuli a aji da keke: ɗalibai su ƙirga juyin ƙafar baya a kowane juyi ɗaya na feda.