Kafin Ka Kwashe Shafinka Zuwa Wani Masauki, Tsaya Ka Ji

Wata ɗabi'a ta kama masu shafukan intanet a garuruwanmu, tun daga masu makarantu har masu sayar da atamfa da shadda. Da zarar shafi ya ƙi karɓar wani abu, sai a yanke hukunci cewa kamfanin da ke ba shi masauki ne bai san aikinsa ba, a tattara a koma wani. Ba a tambaya, ba a karanta saƙon kuskuren da ya fito, ba a ma tabbatar an riƙe kwafin abin da za a kwasa. Fushi ne kawai da katin banki.

Abin da ya faru da wata makarantar kuɗi da na sani ya isa misali. Sun so ɗora takardar sakamakon jarrabawa da hotunan bikin yaye ɗalibai, shafin ya ce fayil ya yi girma. Ga kuma wata ƙaramar manhajar karɓar kuɗin makaranta da suka saka, kullum sai ta yanke ta nuna lamba 500 a kan farin allo. Saurayin da ke kula da shafin ya sami mai makarantar a ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sun kulle sabarsu, ba sa bari a taɓa komai. Mu canza kawai." Mai makaranta bai ce a nuna masa ba, bai ce a rubuta wa kamfanin ba. Ya ce a canza. Kafin la'asar an sayi sabon masauki, saurayin ya sauke fayilolin shafin, sannan ya shiga tsohon asusun ya soke shi, wai kada a sake cirar kuɗi.

Nan aka fara kuka. Shafin nasu da WordPress aka gina shi, shi kuwa WordPress kashi biyu ne: akwai fayiloli, wato hotuna da zane da manhajoji, akwai kuma rumbun bayanai na MySQL, inda duk rubuce-rubuce da sunayen ɗalibai da bayanan waɗanda suka biya suke. Saurayin fayiloli kaɗai ya kwaso. Akwatunan imel na makarantar, da wasiƙun iyaye na shekaru, su ma a tsohon masaukin suke, ba wanda ya tuna da su. Da aka zo juya adireshin shafin ya kalli sabon wuri, sai aka tarar ba makarantar ce ke riƙe da shi ba. Wani yaro ne da ya fara gina shafin ya yi rajistarsa da nasa imel, shi kuma tuni an rabu da shi baram-baram a kan ragowar kuɗin aiki. Shafi ya mutu ana tsakiyar ɗaukar sababbin ɗalibai, har wasu iyaye suna bugo waya suna tambaya ko an rufe makarantar ne. Lokacin da aka koma roƙon tsohon kamfanin, ya ce wa'adin da ke cikin yarjejeniyarsa ya wuce, an goge komai.

Abin takaicin, matsalar da ta jawo duk wannan ba ta kai aikin minti goma ba. Harshen PHP, wanda WordPress ke gudana a kansa, yana zuwa da iyakoki tun daga gida: fayil ɗin da za a ɗora kada ya wuce megabait 2, aiki ɗaya kada ya ɗauki fiye da daƙiƙa 30, ƙwaƙwalwar da zai ci kada ta haura megabait 128. Mafi yawan masaukai masu amfani da cPanel sun tanadi wurin da mai shafi zai ɗaga waɗannan lambobi da kansa. Inda ba su tanada ba, saƙo ɗaya ga sashen taimako yakan wadatar. Lamba 500 kuma ba ta nufin kamfani mugu ne, tana nufin wani abu ya karye a cikin shafin, dalilinsa yana rubuce a kundin kurakurai ga wanda ya buɗe ya karanta.

Masauki mai araha gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, mita ɗaya, rijiya ɗaya. Shafuka ɗaruruwa ke zaune a kan kwamfuta guda. In aka bar kowa ya ja yadda yake so, shafin mutum ɗaya mai ɓatacciyar manhaja zai durƙusar da na kowa. Shi ya sa mai gida ba ya ba ɗan haya mabuɗin ɗakin mita, yake rufe wasu umarni masu haɗari, yake ƙayyade yawan imel da za a aika a awa ɗaya don kada masu saƙonnin damfara su sa a toshe adireshin kowa. Takurar da kake zagi ita ce ke kare ka daga maƙwabcinka.

Wannan ba ya nufin kowane kamfani ya cancanci a zauna masa. Akwai lokacin da tashi ya zama dole. In masaukinka har yau yana kan PHP 5.6, wanda aka daina gyara ramukansa tun ƙarshen 2018, ko 7.4, wanda aka sallama a Nuwamban 2022, kuma ka nemi sabo sun ce babu, to ka tashi, domin shafinka a buɗe yake ga masu kutse. In suna tilasta maka sayen takardar tsaro mai tsada, sun hana ka amfani da Let's Encrypt da ke ba da ita kyauta tun 2015, wannan cin amana ne, musamman tunda Chrome ta fara yi wa shafi mara wannan tsaro tambarin gargaɗi tun Yulin 2018. In ba sa barinka ka sauke cikakken kwafin shafinka, ko ka rubuta musu mako ya zagayo ba amsa, ka nemi wani. Haka nan in ka share tarkacen manhajojin da ba ka amfani da su, ka rage nauyin hotuna, amma shafin bai daina nuna lamba 508, alamar ya ƙure iyakarsa, ba saboda baƙinka sun yi yawa da gaske, to ka girmi ɗakin, kuma wannan abin murna ne.

Sai dai a yi hattara da masu zuga cewa a koma VPS, wato ka yanki naka ɓangaren saba ka yi yadda ka ga dama. Gaskiya ne, can ba mai hana ka komai. Amma kuma ba mai sabunta maka tsaro, ba mai kafa maka shinge, ba mai tashi tsakar dare in ta faɗi, sai dai in ka biya wanda ake kula maka da shi. Wanda bai iya ɗaga megabait 2 zuwa 64 a cPanel ba, me zai yi da baƙin allon Linux? An yi gudun gara ke nan an tadda zago. Kalmar nan ma da suke rubutawa a talla, wai "ba iyaka", ku karanta ƙananan rubutun ƙasa, za ku tarar da iyakar yawan fayiloli da ta ƙarfin aiki suna nan daram. Ku tambayi sabon kamfanin, a rubuce, ko abin da ya kore ku daga tsohon yana halatta a wurinsu, domin sau da yawa takurar iri ɗaya ce. Ku tambayi kuma wace manhajar saba suke amfani da ita: Apache da LiteSpeed suna karanta fayil ɗin .htaccess, Nginx ba ya karantawa, don haka umarnin da kuka rubuta a ciki zai daina aiki ba tare da sanarwa ba. Farashin shekarar farko kuwa lasa ce kawai, na sabuntawa za ku duba, kuma in da dala ake biya, kowa ya ga abin da ya sami naira tun Yunin 2023.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kullum nake nanatawa har ana cewa na cika mita. Adireshin shafinka da sunan wa yake? Ba na nufin sunan da ake gani a sama, ina nufin imel da lambar wayar da ke kan rajistar. Mutum ya kashe kuɗi ya buga adireshin a allon ƙofa, a rasit, a jikin mota, amma bai taɓa shiga asusun rajistar ba ko sau ɗaya, kalmar sirrin tana wayar wani yaro da ba ya ma cikin ma'aikatansa. Wannan sakaci ne, ba rashin ilimin kwamfuta ba. Masauki ana canza shi a yini guda, adireshi kuwa in ya kuɓuce, kasuwar da ka gina a kansa ta tafi. Ka sa a yi rajista da imel ɗinka, kuma ba imel ɗin da ke kan shi adireshin ba, domin ranar da shafin ya faɗi shi ma zai faɗi tare da shi. Ka san kamfanin da ya yi rajistar. In adireshinka na .ng ne, yana ƙarƙashin hukumar NiRA, ta hannun kamfanonin da ta amince da su. In na .com ne, ka sani dokar hukumar ICANN tana hana mayar da shi wani kamfanin rajista har kwana 60 bayan sabuwar rajista ko bayan sauyin kamfani na baya, kuma sai da lambar izini daga wanda ke riƙe da shi. Canza masauki ma ba ya buƙatar ka ɗauke rajistar, juya adireshin kawai ake yi.

Abu na biyu da ke damuna shi ne kwafin ajiya. Kada ka yarda da wanda ya ce maka "kamfani yana ajiyewa". A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobi na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin wurin da ya ƙone ba su sake ganin bayanansu ba. OVH kuwa ɗaya ne daga manyan kamfanonin Turai. Kwafinka ya kasance a hannunka, fayiloli da rumbun bayanai da imel duka uku, a wani wuri daban, kuma ka taɓa gwada mayar da shi ka ga yana tashi.

In tashin ya tabbata, a bi shi a hankali. A sauke komai, a ɗora a sabon wuri, a gwada kowane fom da hanyar biyan kuɗi tun kafin a juya adireshi. A ƙirƙiri akwatunan imel a can, a kwashe tsofaffin wasiƙu, a gyara bayanan SPF da DKIM, domin tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan saƙon da ba a tantance mai aiko shi ba. Juyin adireshi yakan ɗauki har awa 48 kafin ya game ko'ina, saboda haka kada a yi shi ranar fitar da sakamako ko jajiberin salla. Tsohon masaukin kuma a bar shi da rai wata guda cur bayan an tashi. Kuɗin wata ɗaya bai kai darajar bayanan shekara biyar ba.

Kai mai shafi, ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Amma duk wanda ya zo maka da "mu canza kawai", ka ce ya nuna maka saƙon kuskuren, ya nuna maka amsar da kamfanin ya bayar, ya kuma miƙo maka kwafin a hannu. In ya kasa kawo ukun nan, shi ya kamata a fara canzawa.