Ziyarar Argungu: Abin da baƙo zai gani da yadda zai samu masauki

A duk shekarar da aka gudanar da bikin kamun kifi na Argungu, dubban baƙi kan yi tururuwa zuwa bakin kogin Matan Fada, amma kaɗan ne daga cikinsu ke samun wurin kwana a cikin garin. Wannan ya sa tsara masauki tun da wuri ya zama rabin tafiyar.

Asalin bikin

Bikin ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Bayan dakatarwar kusan shekara goma, an dawo da shi a watan Maris na 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Abin kallo

Ana yin bikin ne a tsakanin Fabrairu da Maris, bayan ruwa ya janye. A ranar ƙarshe masunta kan ruga cikin kogi da homa da gora, suna farautar giwan ruwa na kimanin awa guda. Kafin nan akwai wasannin kabanci, kamar tseren kwalekwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, ga kuma kokawa da dambe.

Ko ba lokacin biki ba, akwai gidan tarihi na Kanta, wanda Yakubu Nabame ya gina a 1831. Shi ne fadar sarki har zuwa 1942, kuma an buɗe shi ga masu ziyara a 1958.

Batun masauki

Gwamnati ta gina Ƙauyen Masunta domin saukar baƙi, sai dai ɗakunansa da na sauran masaukan garin ba sa isar jama'a a makon biki, kuma manyan baƙi ake fara bai wa. Saboda haka da yawa kan kwana a Birnin Kebbi, mai nisan kimanin kilomita 50, inda ake samun otal-otal da gidajen saukar baƙi, ko su sauka wajen 'yan uwa a unguwanni irin su Badariya da Gesse. Wasu kuma kan kwana a Sakkwato, mai nisan kusan kilomita 100, su yi sammako. Mai zuwa ta sama zai sauka a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa.

Yana da kyau a kama ɗaki makonni kafin biki, a tabbatar da kuɗinsa, a tambayi batun ruwa da wuta, kuma kada a tura kuɗi ga wanda ba a tantance ba.

Darasi daga Jamus

A yankin Baƙin Daji da ke kudu maso yammacin Jamus, inda dutsen Feldberg ya kai mita 1,493, manoma da masu gidaje kan bayar da hayar ɗakuna ga masu hutu, bisa rajista da hukumar gari. Baƙo na biyan ɗan haraji a kowane dare, kuma a garuruwa da dama ana ba shi katin shiga bas da jirgin ƙasa kyauta.

Argungu na da al'adar karɓar baƙi tun fil azal. Da za a yi rajistar gidajen da ke da ɗakunan haya, a tsara motoci tsakanin garin da Birnin Kebbi, kuɗin kwana da na abinci da baƙi ke kashewa a wasu wurare zai tsaya a hannun mutanen garin.