TARA SABODA HAYANIYA: YADDA ZA KA KAI KUKANKA GA ƘARAMAR HUKUMA

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a wayar da kan jama'a game da abu guda, watau abin da ya kamata mutum ya yi idan aka ci shi tara bisa zargin ya dami maƙwabta da hayaniya, shi kuwa yana ganin ba a yi masa adalci ba. Mun ɗauki misalanmu daga Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, amma ƙa'idodin da za mu bayyana sun shafi kowa a ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Duk inda muka ce "hayaniya" muna nufin kowane irin sauti mai damun mutane, na inji ko na lasifika ko na taro. Kalmar "ƙara" kuwa mun bar ta ga ƙarar da ake kaiwa gaban shari'a, don kada mai karatu ya rikice.

Me ya kawo wannan magana?

Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ta bunƙasa ne bayan da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Tun daga lokacin ta tara mutane iri-iri, masu harsuna da addinai da sana'o'i daban-daban, suna zaune katanga da katanga. Yau a layi ɗaya za ka tarar da mai injin niƙa, da mai walda, da gidan kallon ƙwallo mai janareta, da masallaci, da coci, ga kuma gidajen kwana a tsakaninsu. Haka abin yake a Zonkwa da Kwoi da Kagoro da Kachia da Gwantu. Mai sana'a yana neman abincinsa, maƙwabcinsa kuma yana neman barci. Dukansu biyu suna da haƙƙi.

Hayaniya ba ƙaramin abu ba ce. Likitoci sun tabbatar cewa tana hana barci, tana tsananta hawan jini, tana hana yara karatu, in ta yi yawa kuma ta daɗe tana kurmantar da mutum. Saboda haka gwamnati ba ta da niyyar sassauta wa mai damun jama'a da gangan. Amma kuma ba ta yarda a karɓi ko kwabo daga hannun talaka ba sai bisa doka.

Dokokin da suka shafi hayaniya

Na farko akwai dokar Tarayya. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idodin kare muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin hana hayaniya. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki takan kai kamar desibel 60. Iyakar da aka ɗiba ita ce kamar haka:

(a) Asibiti, da ɗakin karatu na jama'a, da manyan makarantu: 45 da rana, 35 da dare.
(b) Unguwar da gidajen kwana ne zalla: 50 da rana, 35 da dare.
(c) Unguwar da ta haɗa gidaje da ƴan kantuna: 55 da rana, 45 da dare.
(d) Inda gidaje suka cakuɗa da ƙananan masana'antu da kasuwanci: 60 da rana, 50 da dare.
(e) Unguwar masana'antu: 70 da rana, 60 da dare.

A wannan lissafi rana tana farawa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe.

Na biyu akwai dokokin jiha. Dokar Final Kot ta Jihar Kaduna ta 2017 ta hana damun jama'a, jihar kuma tana da tata hukumar kare muhalli, watau KEPA.

Na uku akwai dokokin ƙananan hukumomi. Tun gyaran da aka yi a 1976 ƙaramar hukuma ta zama mataki na uku na mulki. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukanta a Jadawali na Huɗu, har da kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da kantuna, da gidajen abinci, da wuraren sayar da barasa. Majalisar kansiloli tana iya yin ƙananan dokoki a kan waɗannan wurare, ma'aikatan duba-gari kuma su ne sukan zaga su tabbatar ana bin su.

Abin da Tsarin Mulki ya ba ka

Sashe na 36 na Tsarin Mulki shi ne garkuwar wanda ake tuhuma. Ga kaɗan daga abin da ya ƙunsa:

1. Ba a hukunta mutum sai da rubutacciyar doka wadda ta bayyana laifin ta kuma faɗi hukuncinsa. Ma'aikaci ba shi da ikon ƙirƙiro tara daga kansa.
2. Mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifin a kansa.
3. Tilas a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi cikin harshen da yake ji.
4. Tilas a ba shi isasshen lokaci ya shirya, ya kare kansa da bakinsa ko ta bakin lauya, ya kawo shaidunsa, ya kuma yi wa shaidun ɗaya ɓangaren tambayoyi.
5. In ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta kyauta. Wannan yana da muhimmanci a kudancin Kaduna, inda ake jin Tyap da Jju da Hyam da wasu harsuna masu yawa ban da Hausa da Turanci.

Lalle ne kuma a gane cewa ƙaramar hukuma ba kotu ba ce. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar hukumar NOSDRA da kamfanin mai na Mobil cewa yanke wa mutum tara aikin kotu ne. A wata shari'ar da ta shafi Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa kotun ta yarda hukuma ta rubuta wa mutum tara, muddin yana da zaɓin ƙin biya a kai shi gaban alƙali. Abin da talaka zai riƙe daga hukunce-hukuncen biyu shi ne, takardar da ma'aikaci ya miƙa maka ba ita ce maganar ƙarshe ba. In ka amsa laifinka ka biya, magana ta ƙare. In ka musanta, ƙofar kotu a buɗe take.

Ranar da aka kawo maka takarda

Mu ɗauka kai mai injin niƙa ne kusa da kasuwar Kafanchan, maƙwabta sun kai kukanka, ma'aikaci ya zo da takardar tara. Kada ka yi faɗa, kada ka zagi kowa, kada ka yaga takardar. Hana ma'aikaci aikinsa laifi ne dabam, sau da yawa ma ya fi na farko nauyi. Ka nemi ganin katin shaidarsa, ka karɓi takardar, ka duba ko tana ɗauke da sunanka daidai, da ranar da aka ce ka yi laifin, da sunan dokar da sashenta, da yawan kuɗin, da wa'adin biya, da sa hannu da hatimi.

Kada ka ba kowa kuɗi a hannu. Tun dokar haraji ta 2016 Jihar Kaduna ta hana ma'aikata karɓar kuɗin gwamnati tsaba. Ana biya ne ta banki ko ta hanyar da hukuma ta amince da ita, a kuma ba ka rasit. Wanda ya ce ka ba shi rabi a kashe magana cin hanci yake nema, mai bayarwa da mai karɓa kuwa duk masu laifi ne.

Sa'an nan, tun a ranar, ka rage hayaniyar. Yin haka bai zama amsa laifi ba, zai ma taimake ka gobe.

Rubuta takardar kuka

Kukan baka yakan bi iska. Ka rubuta takarda zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma ta hannun Sakatare, tun wa'adin biya bai cika ba. In ba ka iya rubutu ba, ka sa wanda ka amince da shi ya rubuta, ya karanta maka kafin ka dangwala hannu. Takardar ta ƙunshi sunanka da adireshinka da sana'arka, da lambar takardar tarar da ranarta, da dalilanka ɗaya bayan ɗaya, da abin da kake roƙo, ko a soke tarar, ko a rage ta, ko a ba ka lokaci ka yi gyara. Ka roƙi a sa maka ranar da za a saurare ka. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ka adana. Yana da kyau ka sanar da kansilan mazaɓarka da mai unguwa.

Dalilan da ke da nauyi su ne irin waɗannan: ba a nuna dokar da ka karya ba, kuɗin ya wuce abin da doka ta yanka, ba a ba ka gargaɗi ba alhali dokar ta ce a fara da gargaɗi, ba a auna sautin ba, ko an auna shi a bakin injin maimakon inda mai kuka yake zaune, an lissafa wurinka cikin unguwar kwana alhali cikin kasuwa yake, ko kuwa injin ba naka ba ne.

Dalilan da ba za su fisshe ka ba kuwa su ne: "Ban san da dokar ba", ko "Kowa ma haka yake yi", ko "Na riga mai kukan zama a unguwar". Takardar izinin sana'a ma ba izinin hana mutane barci ba ce.

A gaban kwamiti

Shugaba yana iya duba kukan da kansa, ko ya miƙa shi ga wani kwamiti na majalisa ko sashen lafiya da tsabtar gari. Ko wane ne ya zauna, ƙa'ida biyu ta hau kansa. Ta ɗaya, a ji ta bakin kowane ɓangare. Ta biyu, ba a zama alƙali a shari'ar kai. Idan ma'aikacin da ya rubuta tarar, ko ɗan'uwan mai kuka, yana cikin masu yanke shawara, ka faɗa cikin ladabi, ka roƙi a rubuta cewa ka faɗa.

Ka zo da wuri, da takardunka duka, da shaidu biyu ko uku daga cikin maƙwabta na kusa. Ka nuna gyaran da ka yi: salansar da ka sa wa janareta, ko ɗakin bulo da ka gina wa inji, ko lasifikar da ka juya ta fuskanci ciki, ko alkawarin kashe inji kafin ƙarfe 10 na dare. Ka tsaya kan maganar hayaniya, kada ka tono tsohuwar gaba. In an gama, ka nemi a ba ka sakamakon a rubuce tare da dalilansa.

Idan ba ka gamsu ba

Kana da ikon ka ce a kai maganar kotu. Galibi irin wannan tuhuma gaban Majistare take zuwa, a can kuwa nauyin kawo hujja yana kan mai tuhuma. In hukuncin Majistare bai yi maka ba, sai ka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, wadda take da zama a Kafanchan, ba sai ka tafi Kaduna ba. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, galibi kwana 30, saboda haka ka ga rajistaran kotu tun a makon farko. Haka kuma wanda zai kai ma'aikacin gwamnati ƙara kan abin da ya yi a bakin aiki, doka ta ɗiba masa wata uku ne a yawancin al'amura.

Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Tana binciken zalunci ko sakacin ma'aikatan Tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi, ba a biyan ko sisi. Sai dai ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma ana so a kai mata kuka cikin wata 12. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman shawara a Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Kalma ga mai kai kuka, da shugabannin addini

Mai kai kuka shi ma yana da haƙƙin a saurare shi. Ya riƙa rubuta ranaku da sa'o'in da aka dame shi, ya zo ya ba da shaida da kansa. Amma kafin ya je ofis, ya fara yi wa maƙwabcinsa magana, in ta ƙi ya kai ga mai unguwa ko dagaci. Yawancin irin wannan saɓani a zaure yake mutuwa.

Inda abin ya shafi lasifikar masallaci ko ta coci, sai a ƙara hattara. Sashe na 38 ya ba kowa ƴancin yin addininsa, sashe na 45 kuma ya yarda a yi doka domin kare lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. Mutanen Kafanchan ba su manta da rikicin watan Maris na 1987 ba, sun san abin da ƙaramar magana take iya haifarwa. Saboda haka ana roƙon hukumomi su auna kowa da mudu ɗaya, limamai da fastoci kuma su riga hukuma gyara lasifikarsu. Kada wani ya ɗauki doka a hannunsa, ya tsinke waya ko ya fasa inji.

A taƙaice

Ka karɓi takarda cikin natsuwa. Ka tambayi dokar da aka ce ka karya. Kada ka biya kowa a hannu. Ka rage hayaniya nan take. Ka kai kukanka a rubuce kafin wa'adi ya cika. In ba ka gamsu ba, ka nufi kotu. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka in ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba.