Wa ya dace da rigar gwarzo?

A garuruwan ƙasar Mayahi, har da Alasan Mairairai da ƙauyukan da ke kewaye da shi, samari ba su bukatar zuwa gidan sinima na birni kafin su ga fim. Ran kasuwa a kan tura musu shi cikin waya, da dare kuma su taru su biyar ko shida a kan tabarma guda. Cikin abin da suke kallo akwai finafinan Amurka na gwarazan nan masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya. In fim ya ƙare sai gardama ta tashi, kuma tambayar da ta fi zafi ita ce: wane ɗan wasa ne ya dace da rigar gwarzo?

Gardamar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2018 kamfanin Marvel ya fito da Black Panther, labarin sarkin wata ƙasar Afirka ta tatsuniya mai suna Wakanda. Chadwick Boseman ne ya fito a matsayin sarkin, kuma Allah ya yi masa cikawa a watan Agusta na 2020 yana da shekara 43. Nan ƴan kallo suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a naɗa wani, tun da sarauta ba ta mutuwa da mutuwar sarki, ga shi kuma daga 2002 zuwa 2016 an ga mutum uku sun sa rigar Spider-Man. Waɗansu suka ce a'a, fuskar mutumin ta riga ta zama ta gwarzon. Kamfanin ya bi maganar na biyu: a fim na 2022 ƙanwar sarkin ce ta gaje shi.

To, mu ma muna da tamu gardamar, kuma ta girmi wannan. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙona garuruwa. A Lugu, cikin Arewa, Sarauniya ta ƙi miƙa wuya. Ƙarshen tafiyar kuwa a nan kusa da mu ya faru, a ƙasar Tasawa: Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori ran 14 ga Yuli, bayan ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe shi da abokinsa a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Abdullahi Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980, Med Hondo na Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ƴar ƙasar ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ba da Hausa take magana ba. Mai yabo zai ce matar ta cika ido, ta kai sunan Lugu duniya. Mai suka zai ce tsohon da kakansa ya ga wutar nan da idonsa ba ya jin abin da sarauniyarsa ke faɗa. Irin wannan ƙorafi ya sake tasowa a ƙasar Hausa ta Najeriya a 2021, sa'ad da aka nuna fim ɗin Amina ta Zazzau da Turanci. Ashe abin da ɗan kallo ke nema ba fuska kaɗai ba ne. Yana neman harshe, da kirari, da yadda mai sarauta ke zama da yadda yake amsa gaisuwa.

A nan ne majigin zane ke da abin cewa, domin zane ba ya tsufa, ba ya rashin lafiya, kuma ana iya sa masa muryar kowane harshe. Mutanen Amurka sun gane haka: fim ɗin zane na Spider-Man na 2018, wanda gwarzonsa baƙin yaro ne mai suna Miles Morales, ya ci kyautar Oscar. Sai dai ɗan ƙasarmu ya daɗe da bin wannan hanya. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka ta baƙar fata. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa. A 1977 ya yi Samba le grand da ƴan tsana, labarin sadaukin da ke neman auren gimbiya. A Kokoa kuwa kokawarmu ta gargajiya ya ɗauko, ya sa dabbobi cikin fili. Ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Shi ne kuma ya riga kowa ganin inda rigar aro ke kai mutum. A fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka hau dawaki suka hana garinsu barci. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka ba mu ce samari su bar kallo ba, ba mu ce su bar gardama ba, gama gardamar ce ke nuna sun san abin da suke so. Abin da muke cewa shi ne, wayar da ke nuna Spider-Man tana iya ɗaukar murya, kuma yaron da ke zana shi a bayan littafin makaranta yana iya zana Sarauniya, ko Gizo da Ƙoƙi. Tsofaffin da suka ji labarin Maijirgi daga bakin iyayensu suna ƙarewa. A je a zauna gabansu tun suna nan.