Sharaɗin zaɓen kotu a cinikin ƙasa da ƙasa

Idan kamfanoni biyu na ƙasashe daban-daban suka ƙulla ciniki, takardar yarjejeniyarsu kan ƙunshi wani gajeren sharaɗi, galibi can kusa da wurin sa hannu, wanda ke faɗin kotun da za ta yi shari'a idan saɓani ya taso. Ana iya rubuta cewa kotunan Landan kaɗai ke da hurumi, ko na Singafo, ko na ƙasar ɗaya daga cikin masu cinikin. Wannan daban yake da sharaɗin zaɓen doka: ɗaya yana faɗin inda za a yi shari'ar, ɗayan kuma yana faɗin dokar da alƙali zai yi aiki da ita. Kotun Legas tana iya yin hukunci da dokar Ingila in haka masu cinikin suka zaɓa.

Amfanin sharaɗin a bayyane yake. In babu shi, kowa zai garzaya kotun garinsu, a yi shari'a biyu a kan magana ɗaya, wataƙila a fito da hukunci biyu masu karo da juna. In akwai shi, kowa ya san inda zai tsaya, ya kuma lissafa kuɗin lauya da na zirga-zirga tun kafin a tsayar da farashi. Sai dai rubuta sharaɗi ba shi da wuya. Wahalar tana wajen sa kotunan ƙasashe su mutunta shi, domin kowace kotu tana kishin huruminta.

A da, kotunan Amurka suna kallon irin wannan sharaɗi a matsayin yunƙurin ƙwace musu iko. Hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 1972 a shari'ar jirgin Bremen shi ya sauya akala. Kamfanin Zapata na birnin Houston ya ɗauki wani kamfanin Jamus ya ja masa dandamalin haƙar mai ta teku daga Louisiana zuwa Italiya, yarjejeniyarsu kuma ta ce Landan za a kai duk wani saɓani. Guguwa ta lalata dandamalin a mashigin tekun Meziko, aka karkatar da shi zuwa Tampa a jihar Florida, Zapata kuwa ya shigar da ƙara a can. Kotun Ƙoli ta ce ƙwararrun 'yan kasuwa ne suka zaɓi Landan da idonsu biyu, don haka sharaɗin yana nan daram sai in wanda ke son kauce masa ya nuna zamba, ko tilasci, ko rashin adalci mai tsanani.

Kotunan Ingila sun bi hanya mai kama da wannan tun shari'ar jirgin Eleftheria a 1969. Alƙali Brandon ya ce kotu tana da ikon duba maslaha, amma za ta dakatar da ƙarar da aka kawo mata saɓanin yarjejeniya sai in mai ƙara ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Ya zayyana abubuwan dubawa: inda shaidu suke, dokar da za a yi aiki da ita, da ko mai ƙara zai cutu a kotun waje, misali idan wa'adin shigar da ƙara ya riga ya wuce a can.

Wannan ma'auni ne Kotun Ƙolin Najeriya ta ɗauka a 1987 a shari'ar Sonnar da masu jirgin Nordwind. Shinkafa ce aka yi lodi daga Bankok zuwa Legas, masu kaya suka ce ba ta iso hannunsu ba. Takardar lodi ta mai da shari'a Jamus, inda masu jirgin suke, amma a dokar can lokacin ƙara ya ƙure. Kotu ta ga cewa tura masu kaya Jamus daidai yake da rufe musu ƙofar shari'a baki ɗaya, sai ta bari a saurari ƙarar a gida. A 2008 kuma, a shari'ar Nika Fishing da Lavina, kotun ta tsaya a kan sharaɗin da ya zaɓi Ajantina, saboda mai ƙara bai kawo hujjar kauce masa ba. Harkar jiragen ruwa kuwa tana da nata hukunci: sashe na 20 na dokar hurumin shari'ar teku ta 1991 ya soke sharaɗin da ke cire hurumin kotu idan al'amarin yana da alaƙa da Najeriya ta fuskokin da dokar ta lissafa.

Turai ta gamu da wata matsala ta daban. Dokar Tarayyar Turai ta ce kotun da aka fara kai wa ƙara ita ke da fifiko, sauran su jira. Masu wayo sai suka riƙa riga abokan cinikinsu zuwa kotun ƙasar da shari'a ke jan ƙafa, ko da sun san ba ita aka zaɓa ba, don a ɓata shekaru ana gardamar hurumi. A 2003, a shari'ar Gasser na Ostiriya da MISAT na Italiya, Kotun Turai ta ce ko kotun da aka zaɓa ma dole ta jira. Hukuncin ya sha suka, kuma sukar tana kan hanya, domin ya saka wa mai karya alkawari da alheri. Gyaran da ya fara aiki a Janairun 2015 ya mayar da fifiko ga kotun da aka zaɓa.

Babban yunƙurin magance matsalar a duniya shi ne Yarjejeniyar Hague ta 30 ga Yunin 2005. Ginshiƙanta uku ne. Kotun da aka zaɓa dole ta saurari ƙarar, ba ta da damar cewa wata kotu ta fi dacewa. Kotun da ba a zaɓa ba dole ta dakatar ko ta kori ƙarar. Hukuncin kotun da aka zaɓa kuma dole sauran ƙasashen yarjejeniyar su amince da shi su zartar, ba tare da sake tona shari'ar ba. Na ukun ne ya fi nauyi, domin hukuncin da ba za a iya zartarwa a inda dukiyar wanda aka kayar take ba, takarda ce kawai. Yarjejeniyar ta shafi sharaɗin da ya keɓe kotunan ƙasa ɗaya, a rubuce ko ta hanyar saƙon da za a iya komawa a duba. Ba ta shafi cinikin mai saye don amfanin gida ba, ko kwantiragin ɗaukar ma'aikaci, ko al'amuran iyali, ko jigilar kaya da fasinja.

Karɓuwarta ta zo a hankali. Meziko ta shiga a 2007, amma sai 1 ga Oktoban 2015 ta fara aiki, bayan Tarayyar Turai ta amince. Singafo ta biyo a 2016, Birtaniya kuma ta shiga da ƙashin kanta daga farkon 2021 bayan ficewarta daga Tarayyar. Amurka ta sa hannu a 2009, Sin a 2017, amma sa hannu bai wajabta wa ƙasa aiki da yarjejeniya ba sai ta tabbatar da ita. Shi ya sa har yanzu 'yan kasuwa da yawa suka fi son sharaɗin kai saɓani gaban masu sasanci, tun da Yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ana zartar da hukuncinsu a ƙasashe sama da 170, ciki har da Najeriya da Nijar.

Najeriya ba ta cikin Yarjejeniyar Hague ta 2005. Saboda haka ɗan kasuwar da ke shigo da kaya daga waje ya dogara ne da hukunce-hukuncen kotunan gida da dokokin rajistar hukuncin waje, waɗanda ɗaya daga cikinsu tun 1922 take. Kafin ya sa hannu, ya kamata lauyansa ya amsa masa tambaya biyu: nawa shari'a za ta ci a kotun da aka rubuta, kuma ko hukuncinta zai yi aiki a ƙasar da abokin cinikinsa ya ajiye dukiyarsa.